Hatimin Gidan Lu

Tunda tsoho Lu Anbang ya ga sabon gogen da 'yarsa Siyue ta rataye a bangon shago, shinkafa ta daina yi masa daɗi. A duk garin Debao babu wanda ya kai shi sanin ƙashin doki. Da ƙashin cinya yake yin ƙoƙon goge tun yana saurayi, ya rufe da fatar maciji, ya ƙona hatimin gidan Lu a wuyansa. To, wannan ƙoƙo ya kusa ninka nasa faɗi, kuma dokin da zai ɗauki cinya irin wannan ba a haife shi ba tukuna. Sai ya yi zargin roba ce.

Shi dama bai saki jiki da ita ba. Tunda ta dawo daga makarantar kiɗa a Nanning take mitar wai muryar gogensa siririya ce, ba ta kai ƙarshen babban zaure. Ranar da ta fara wannan mitar ya ɗauke hatimin daga kan tebur ya jefa aljihu. Amma wadda za ta iya zuba roba ta kira ta ƙashi, sassaƙa wani hatimin zai gagare ta? Tsoro ya kama shi sosai, don a bikin wata na uku makaɗan gari za su ɗauki gogen su jujjuya, sunan kakansa ya zama abin dariya.

Ya tambaye ta inda ta samo ƙashin, ta ce wurin Nong mahauci. Ya je wurin Nong, shi kuwa dariya kawai ya yi ta yi. Abin ya ƙara tsaya wa tsoho a rai.

Da ta fita kasuwa sai ya sauko da gogen, ya waiga hagu da dama kamar ɓarawo, ya manna masa harshe yadda ubansa ya koya masa. Harshen ya kama, abin da ba ya yi a jikin roba. Ƙashi ne na gaske. A hasken ƙofa ya gano guntaye ne aka harhaɗa, ko gashi ba zai ratsa tsakaninsu ba. Ya ja izga sau ɗaya, murya ta cika shagon har kajin maƙwabta suka watse.

Sai ya juya wuyan yana neman hatimi. Babu. Sunan Siyue ne kaɗai a ƙone.

"Baba, me kake lasa haka?" in ji ta daga bakin ƙofa, da kwando a hannu.

"Ina hatimin gidanmu?"

"Ai kai ka ɓoye shi. Na ga ba ka yarda da ni ba, sai na bar maka abinka."

Ya daɗe yana murza hatimin cikin aljihu. A wuyan gogen kuwa babu sauran wurin da hatimin zai zauna.