Mabuɗin Ƙofar Faifai

Wani dare na ji ƙara daga falo, kamar ƙudan zuma ya maƙale cikin gwangwani. Ya yi zuuu, ya tsaya, ya sake. Na fita da tocila, na tarar kwamfutar 'yata Auta ce take juya faifan da na manta a cikinta tun la'asar. Juyi kawai take yi, ba ta ce komai ba.

Faifan na yayana ne. Bayan rasuwarsa na tsince shi a akwatinsa, tsakanin huluna, an rubuta a kansa da baƙin alƙalami: "Kada a jefar." Mutum ne da bai taɓa aure ba, magana kuma ba ta dame shi ba, har na fara manta yadda muryarsa take. So nake in ji ko tana ciki.

Auta aikin asibiti take yi, sunayen marasa lafiya da magungunansu duk suna cikin kwamfutar. Ta buɗe mini ɓangarena daban, da sunana da lambar sirrina, inda nake kallon kifayen ƙasan teku masu fitila a goshi. Amma duk sa'ad da na sa faifan sai wani rubutun Turanci ya fito, ni kuwa karatuna a aji uku ya tsaya.

Da safe na kira maƙwabcina, mai gyaran agogo. Ya ɗaga faifan a hasken taga, ya ce datti ne, a samo toka mai laushi a dirje shi yadda yake wa gilashin agogo. In ya ƙi, mu shiga da lambar Auta, ai ya sha ganin yatsunta suna buga ta. Har ya lashi yatsa ya dangwali tokar, sai ga Auta ta shigo.

"Kawu, don Allah ajiye shi. In ka dirje shi, ko mai ƙera shi ba zai ƙara jin abin da ke ciki ba."

Ta karanta rubutun, ta ce faifan lafiyarsa lau, ni ne ba ni da izinin kunnawa. Maƙwabcina ya ce to ta ba ni lambarta mana, ai ubanta ne. Ta yi dariya, ta tuna masa ranar da ta bar mini rimot, talabijin ya yi mako yana yaren da ba wanda ya sani a unguwa.

"Lambata kowane ɗaki take buɗewa, Baba, har wanda ake goge komai. Kai mabuɗin ɗaki ɗaya kake buƙata."

Ashe a cikin na'urar akwai jerin sunayen waɗanda aka yarje wa ƙofar faifai, kamar littafin mai gadi. Ta ƙara sunana a ƙasan nata. Ta ce in fita daga ɓangarena in sake shiga, don a bakin ƙofa kaɗai ake duba littafin. Wannan ya burge ni ƙwarai. Na tambaye ta ko mai gadin yana barci, ta ce in dai danna.

Na danna. Ƙarar ruwan sama ce a kan kwanon rufi. Muka yi ta saurare, ruwa dai, ruwa dai. Maƙwabcina ya ce yanzu ruwa ne aka ce kada a jefar? Can sai aka yi tari, gajere, sau biyu. Na san tarin nan tun muna kwana tabarma ɗaya. Sai muryar yayana, ƙasa-ƙasa:

"Matso nan, kina jiƙewa."

Wata mace ta yi dariya. Daga nan ruwan ya ci gaba har faifan ya ƙare.

Auta ta dube ni, ni kuma na dubi ƙofar faifan. Maƙwabcina ya goge tokar yatsansa a gefen rigarsa.

"To Malam, ita mai dariyar nan wace ce?"