Zabuwar Madam Lin

Maigidana Mai Moussa ya kawo mahaifiyarsa Paris a 1995 don a yi mata aikin ido. Ido ya warke, shi kuma ya ƙi mayar da ita, wai a Maraɗi babu mai kula da ita kamar mu. Mu ɗin kuwa gari na wayewa muke watsewa: shi ofis, ni asibitin da nake aikin jinya, ɗanmu Rayyan makaranta. Sai a bar tsohuwa a hawa na huɗu a Belleville, ita da talabijin da ba ta jin abin da yake faɗa. Kaka muke ce mata gaba ɗaya, har ni surukarta, don bakin Rayyan muka ara.

Da ya ga tana ramewa sai ya yi dabara irin tasa, ya sa ta ajin koyon Faransanci na tsofaffin mata a bayan layinmu. Kullum bayan azahar ta yafa gyale ta ce ta tafi lakwal, wato makaranta. Muka ga ta fara kumari, tana dariya ita kaɗai a kicin. Mai Moussa ya dinga hura hanci, duk wanda ya zo gidan sai ya ji labarin yadda ilimi ya tashi kafaɗun Inna.

Ran nan muna cin tuwo ya ce, "Inna, ƙirga muna da Faransanci mu ji."

Kaka ta suɗe hannu, ta gyara zama. "I, ar, san, si, wu, liyu, ci, ba, jiyu."

Loma ta tsaya masa a hanya. "Wane irin Faransanci ne wannan? To, goma fa?"

"Ba a kai goma," in ji Kaka. "Tara anka tsaya."

Ashe Kaka ba ta taɓa taka ajin nan ba. A hawa na biyu take yada zango. Ranar farko tana saukowa ta tarar da ƙofa a buɗe, tsofaffin matan Sinawa uku, waɗanda take ce wa Shinuwa, zaune a tebur mai kusurwa huɗu, kujera ɗaya babu kowa, don ta huɗunsu ta rasu. Wasansu kuwa, majan, ba ya yiwuwa sai da mutum huɗu. Mai ɗakin, wata 'yar firit da ake ce wa Madam Lin, ta kama hannun Kaka ta zaunar da ita, ko sallama ba su yi ba.

Na sauka da kaina na gani. Ƙwayoyin wasan na ƙashi ne da gora, sun yi ja don tsufa, gadon Madam Lin ne daga uwarta. Wasu na ɗauke da lambobi, ɗaya zuwa tara, wasu kuma gabas da yamma. Idan suna cakuɗa su a tebur sai ka ce ƙanƙara ce ke dukan rufin kwano. Madam Lin takan ɗaga ƙwaya ta faɗi sunanta, kuma ba ta saki sai Kaka ta maimaita daidai. In murya ta sauka inda ya kamata ta hau, ta ɗan ƙwanƙwashe ta da tsinken cin abinci. Kaka ta ce mini harshen ba wuya, hawa da sauka ne kamar namu, Faransanci ne dai ake yi da hanci kamar mai mura. Ƙwaya ɗaya ce ta ƙi kira da sunanta, wata mai hoton tsuntsu. Ta ce wannan zabuwa ce, ko an ƙwanƙwashe ta zabuwa ce. Har Sinawan suka gaji suka koma ce mata zabuwa.

Daga ƙirga aka shiga gabas da yamma, daga nan shayi, ciwon gwiwa, sai gulmar 'ya'ya. In la'asar ta yi, Madam Lin ce ke nuna wa Kaka agogo ta shimfiɗa mata tawul mai tsabta a kusurwa. Ga kuma wani kwanon Kaka mai murfi da ta zo da shi daga gida. Ya sauka da ƙosai, ya hawo da alawar riɗi. Ya sauka da dambu, ya hawo da lemu. Kaka ta ce abin da ya sa ta yarda Madam Lin 'yar mutane ce ke nan: ba wanda ya gaya mata ba a mayar da kwano wofi.

Mai Moussa dai bai ga abin dariya ba. "Inna, caca ce fa."

"Dara ce ta Shinuwa. Gujiya muke zubawa, kuma wadda ta ci rabawa take."

"Mutane za su ce mi? Uwata a teburin caca!"

"To, Lawban," in ji Kaka. Da ma ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Yanzu ta samo masa wannan a hawa na biyu, wai mai gida ko shugaba, kuma yadda take jan sa kowa ya san ba yabo ba ne.

Ana haka ɗan Madam Lin ya buɗe gidan abinci a Lyon, ya ce uwarsa ta biyo shi. Da labari ya iso mana, Mai Moussa ya ce alhamdu lillahi a gaban Kaka. Wallahi na ji haushinsa har wuya. Mutum mai kirki, mai tsoron Allah, wanda ko allurar wani ya tsinta ba ya barci sai ya mayar, amma bai ga cewa a duk faɗin ƙasar Faransa mutum ɗaya tak uwarsa ke iya hira da ita ba.

Madam Lin ta tafi da ƙwayoyinta, tebur ya mutu. Kaka ta koma bakin taga. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, sai dai tuwo ya dawo kamar yadda aka kai shi. Na roƙi Mai Moussa ya kai ta Lyon ko sau ɗaya, ya ce ba zai hau jirgin ƙasa ya kai uwarsa caca ba. Na tsorata ƙwarai, don a wurin aikina na sha ganin tsofaffin da kaɗaici ya kwantar.

Wata Lahadi da hantsi, Kaka tana ninke zannuwa a falo, daidai inda Mai Moussa yake karatun jarida, sai muka ji salati.

"Innalillahi! Na shiga uku, kayan mutane!"

Ta kwance haɓar zane, zabuwa ta faɗo a kafet. Na dubi ƙullin nan. Ƙulli ne biyu, irin wanda Kaka ke yi wa goronta, babu yadda za a yi ƙwaya ta shiga ciki da ƙafarta.

"Ko ɗaya ta ɓace, wasan duk ya lalace," in ji ta, tana tafa hannu. "Gadon uwatta ne. Ni da haƙƙin marainiya a wuyana!"

Marainiyar nan ta ba saba'in baya.

Mai Moussa ya juya ƙwayar a hannu. "Sai a aika ta gidan waya, Inna."

"Amana? A ba wanda ban san ubanshi ba? In ta ɓace a hanya, ranar lahira ni za a tambaya ko kai?"

Ya dube ni neman agaji. Na ce, "Gaskiya Baban Rayyan, amana hannu da hannu ce. Kai ma haka kake faɗa."

Asabar ta gaba muna cikin jirgin Lyon, Kaka rungume da kwanonta, dambun nama a ciki, zabuwa a naɗe cikin ƙyalle a sama. Mai Moussa ya kafa sharaɗi tun daga tasha: a miƙa, a gaisa, a juyo.

A unguwar Guillotière muka ɓata. Ya tari mutum biyu da Faransancinsa na ofis, kowa ya ɗaga kafaɗa. Kaka ta hangi wata tsohuwa tana jan keken cefane, ta tare ta, suka yi ta yi da baki da hannu. Ta dawo ta ce, "Gabas za mu yi, Lawban, ƙofa ta uku." Ya bi ta.

Madam Lin na bayan kanti tana gyaran wake. Ta rame ita ma. Da ta ɗago ta ga Kaka sai ta watsar da waken, ta ƙwala, "Jiye-jiye!" wato yaya. Suka riƙe hannun juna suna magana a tare, rabi Sinanci, rabi Hausa, babu mai sauraron wata. Kaka ta miƙa kwano. Madam Lin ta buɗe ƙyalle, ta ga zabuwa, ta dubi Kaka, ta dubi Mai Moussa, sannan ta dafe ƙirji ta yi wani irin mamaki da ko Rayyan ba zai yarda da shi ba.

Dole a gwada a ga ko ƙwayoyi sun cika. Gwaji kuwa sai da mutum huɗu, aka kira surukar Madam Lin, aka zaunar da ni ina ta kwaɓa. Mai Moussa na tsaye yana duba agogo, har ɗan Madam Lin ya kawo masa kujera da shayi. Can Kaka ta kifar da ƙwayoyinta a tebur, ta daka ihu, "Hu la!" Ta ci ke nan. Ta yi dariya har da hawaye, ta cinye shinkafa kwano guda tana wasa. Na ga Mai Moussa ya daina duba agogo, uwarsa yake kallo.

Da yamma muka kamo hanya. Madam Lin ta mayar da kwano da nauyinsa, ta ɗaure shi da kanta. Jirgi bai yi nisa ba barci ya kwashe Kaka, ko kuma ta rufe ido dai. Yunwa ta kama Mai Moussa, ya jawo kwanon ya buɗe. Alawar riɗi ce jere, ya ɗauki ɗaya, ya kai hannu zai ƙara, sai ya tsaya. Ya zaro abin a hankali. Zabuwa ce, an kwantar da ita a tsakiya, an lulluɓe ta da alawa.

Ya daɗe yana kallonta. Ni kuwa na juya ga taga ina cije leɓe.

"Aïssata," ya ce a hankali, "kayan mutane ya sake biyo mu."

"Ikon Allah," na ce. "A aika ta gidan waya?"

Ya dubi uwarsa, ya zaro hankicinsa, ya naɗe ƙwayar ya sa a aljihun gaba.

"Amana ce," ya ce. "Wace Asabar ce ba ki da aiki?"

Kaka ba ta buɗe ido ba. "Asabar ta sama," in ji ta.