Kuɗin Mai a Mahaɗar Hanya

Ranar da Maharazu ya sayi babur ƙirar roba-roba a hannun Obadiah makanike, gargaɗi ɗaya aka yi masa. Obadiah ya ce injin tsoho ne amma lafiya lau yake, takardu kuma sun cika, sai dai kada ya kuskura ya goya kowa idan zai shiga gari, domin masu kamen babura suna ɗaukar duk mai goyo a matsayin ɗan acaɓa.

Wata biyu Maharazu yana kiyaye wannan. Kullum yakan tashi daga Jiwa shi kaɗai zuwa ofishin da yake aikin masinja. Tun da ya sami babur ɗin bai sake makara ba, ogansa kuma ya daina zancen sallama.

Wata safiya ya tarar da Malam Nababa a bakin titi, yana dogara sanda. Shi ne dattijon da ya ba shi masauki shekarar da ya zo Abuja. Malam ya ɗaga hannu, ya ce asibiti za shi saboda ciwon gwiwa. Maharazu ya ji nauyin faɗa masa gaskiya, ya ce ya hau.

Duk tsawon hanya Malam yana yaba babur ɗin, Maharazu kuwa idonsa na gaba, yana dubawa ko zai hango masu kame. Da suka kusa babbar mahaɗa, sai ya hango motar jami'ai, an loda mata babura. Ya tsaya a gefe, ya roƙi Malam ya sauka ya taka kaɗan, zai jira shi a gaba.

Malam ya sauka da ƙyar, ya laluba aljihu, ya zaro kuɗi.

"Ungo, ɗana, ka ƙara mai."

"Baba, don Allah mayar. Ba a nan ba."

Malam ya ɗauka kunya ce. Ya kama hannunsa ya cusa masa, yana cewa babba ba ya hawa abin yaro a banza. Suna cikin wannan ja-in-ja wani jami'i ya iso, ya zare makulli.

Maharazu ya miƙa takardu, Malam ya rantse cewa wannan ɗansa ne, ba haya ba ce. Jami'in ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Baba, to mene ne wannan a hannunsa?"

Maharazu ya dubi hannunsa. Mutum biyu suka ɗaga babur ɗin suka ɗora a mota.