Kujerar da Ta Ƙi Karyewa

Shekara arba'in ana yabon fim ɗin nan, shekara arba'in ina cewa shirme ne. Labarinsa bai kai ya kawo ba, jarumar kuka kawai ta iya, shi kuwa jarumin da ake kira Damisa fuska ɗaya gare shi, da ita yake soyayya, da ita yake jana'iza. Ina da bakin magana, domin ni kafinta ne, ni na haɗa kujerun da aka yi faɗan ƙarshe da su, kuma ɓarawon da Damisa ya maka wa kujera a baya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Kujerar fim ba ta zama ba ce. Ana bin ƙafafunta da majinginarta da zarto har ya kusa fita, a toshe tsagin da garin katako, a shafe da fenti. In aka maka wa mutum sai ta tarwatse, shi ko ƙwarzane babu. Ran nan ba ta tarwatse ba. Damisa ya ɗaga ya sauke, Yaya ya yi ƙara. Darakta ya ce kada a tsaya. Damisa ya ƙara ta biyu, ya ƙara ta uku. Tun daga ranar Yaya bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba, kuma wannan ƙarar ita mutane suke kira gwanintar wasa.

Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake Damisa ne ya bar ta wasan ya ɗauki kujerar gaske da gangan. Haka na gaya wa ɗan Yaya tun yana tsayin benci, har ya girma ya zama direban tirela, ƙato, mai hannu kamar faifan taya. Direba muke ce masa. Bai taɓa kallon fim ɗin har ƙarshe ba.

Shi kuwa Yaya, in an sa fim ɗin a shagon mai aski da ke jikin nawa, sai an tura masa kekensa har gaban talabijin.

"Ka ji murya," yakan ce mini. "Kai me ka taɓa yi da duniya ta haddace?"

"Ihun mai karyayyen baya ne, Yaya."

"To ka karya naka mu ji ko za a saya."

Wata Asabar da hantsi motoci biyu suka tsaya a layinmu. Masu ɗaukar hoto ne suka kawo Damisa ya nuna inda aka yi faɗan, don a yi shirin tunawa. Ya tsufa, ya rina gashi baƙi ƙirin, yana dogara sanda, ga wani ƙaton mai tsaro a bayansa. Layi ya cika. Yaya ya sa aka sauya masa riga, Direba ya turo shi ƙofar shagona.

Mai tambayar, wata mata mai tabarau, ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙarar nan da ɓarawon ya yi, yaya aka same ta haka?"

Damisa ya gyara tsayuwa. "Ni na koya masa. Kwana uku ina fama da shi. Yaron ba shi da kai, amma ya ɗauka."

Mutane suka yi tafi. Yaya yana taku huɗu daga gare shi, ya ɗaga hannu yana murmushi. Damisa ya dube shi, ya laluba aljihu, ya ce wa mai tsaronsa, "Ba wa bawan Allah nan wani abu."

Direba ya saki keken ubansa. Ya nufi Damisa. Mai tsaron ya tare shi, Direba ya sa masa goshi a hanci, na ji ƙashin ya ba da sauti kamar an taka busasshen katako. Mutumin ya durƙusa, jini na bin yatsunsa. Mai kyamara ya matso, Direba ya kife shi da mari, na'urar ta daki kwalta ta rabu biyu. Mai aski ya riƙo shi ta baya, Direba ya watsar da shi kan gilashin shagonsa. Mata suka kwashi yara, layi ya dare.

Sannan ya miƙa hannu cikin shagona ya jawo kujera. Sabuwa ce, ta katako mai nauyi, ran Juma'a na gama ta. Damisa ya ja da baya, sandarsa ta zame, ya faɗi rub da ciki kamar yadda Yaya ya kwanta a fim. Ƙeyarsa duk furfura ce inda rinin bai kai ba.

Na san nauyin abin da na haɗa. Duka ɗaya zai kashe tsohon, yaron nan kuma ya ƙare rayuwarsa a kurkuku a kan maganar da ni na dasa masa.

"Ajiye," na ce.

"Matsa, Baffa."

"Ba kujerar gaske ya ɗauka ba. Ta wasan ce. Ni na sa mata gam."

Bai ji ba, ko ya ji bai fahimta ba. Kujerar ta riga ta taso. Na shiga tsakani na kare da hannun dama. Ta sauka a kan damtsena da kafaɗata, na ga hannun ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Na faɗi kan Damisa, bakina cike da jini don na ciji harshe. Kujerar ko tsagewa ba ta yi ba.

Daga nan ƙasa na ƙarasa maganar. Na ce kujerar farko da na yanka, wani ya zauna a kai kafin a fara ɗauka, ta zube da shi, darakta ya kira ni kafintan banza a gaban jama'a. Zuciya ta ɗebe ni. Ta biyun da na yanka sai na ɗura gam mai kyau a kowane tsagi, wai don ta tsaya da kyau, na bar ta ta kwana. Duk kafinta ya san inda gam ya kama ya fi katakon ƙarfi. Na sani, raina ne a ɓace.

Direba ya tsaya da kujerar a hannu, yana dubana, yana duban ubansa.

"Baba, ka ji abin da ya ce?"

"Na ji warin gam tun a bugun farko," in ji Yaya. "A ɗaki ɗaya muka tashi da shi, ina zan kasa gane warin sana'arsa? Ajiye kujerar mutane."

"Shekara arba'in ka yi shiru?"

"Wa yake ɗaga ni in zan yi wanka? Kai ko shi?"

Direba ya ajiye ta. Damisa ya rarrafo daga ƙarƙashina, yana tambayar wane ne wannan mai keken. Yaya ya ce masa, "Ɗalibinka ne. Bugu na biyu da na uku dai naka ne, ba na gam ba."

An tsare Direba wata huɗu saboda hancin mai tsaro. Da ya fito ya zo ya gaida ubansa, ni ya wuce ni kamar bango, kuma har yau haka muke. Hannuna bai sake riƙe zarto ba. Yanzu da hagu nake tura keken Yaya zuwa shagon mai aski, in zauna kusa da shi. In fim ɗin ya zo wurin kujerar ba na tashi in fita kamar da. Fim ɗin dai har gobe shirme ne, na gaya masa jiya. Ya ce in yi shiru, an kusa zuwa wurin ihunsa.