Siket Ɗin Da Wuta Ta Ƙi Ci

Shekara ashirin da shida na yi ina wanki da guga a ƙarƙashin dandamalin wani gidan rawa a Paris, kuma a tsawon shekarun nan sau uku ina ganin wuta ta kama yarinya tana tsakiyar rawa. Fitilun gas ne jere a bakin dandamali, babu murfi. Siket ɗin masu rawa kuwa hawa bakwai ne na yadi shara-shara wanda ya sha sitaci, da harshen wuta ya lashe shi sai ya tashi gaba ɗaya.

Bayan ta ukun, mai gidan, Musyu Darrigade, ya ba da umarni a riƙa tsoma kowane siket a ruwan alif, domin alif yana hana wuta ci. Yana hanawa kam. Sai dai siket ɗin yakan fito rawaya-rawaya, a sandare, ba ya bin jiki, ba ya tashi da iska. Wadda ta ƙi sa shi, sai ta sa hannu a takarda cewa in ta ƙone ita ta jawo wa kanta.

A hunturun shekarar ne aka ba 'yata Léontine rawarta ta farko ita kaɗai, bayan shekara tara a sahun baya. Ta sauko ɗakin wanki da takardar a hannu.

"Mama, gobe zan sa hannu."

"Karanta mini," na ce, domin a lokacin ban iya karatu ba. Ta karanta. Na ce, "Wato ki ƙone, su share toka, shi ke nan?"

"Haba Mama! Ba ki ga 'yan sahun baya jiya ba? Kowacce kamar ta ɗaura kwandon burodi. Shekara tara ina jiran ranar nan, ni ba zan fito cikin kwando ba."

"A kwandon aƙalla za ki dawo gida da ƙafarki."

"Ke ai ba rawa kike yi ba."

"A'a. Ni ce mai wanke abin da ya saura."

Ba ta saki takardar ba. Na roƙe ta ta ba ni kwana huɗu. Na ce zan kawo mata siket biyu, ɗaya mai alif, ɗaya babu. In ta gane mai alif, ni da kaina zan miƙa mata tawada.

Akwai abin da na daɗe da lura da shi. Madam Cazenave, shugabar ɗakin sutura, takan tsoma siket ne sukutum cikin tukunya, bayan an ɗinka, bayan an sa sitaci. Duk mai wanki ta san abin da aka zuba a kan sitaci ba ya shiga zare, daskarewa yake yi a sama ya manne hawa da hawa. Amma ba a saba tambayar mu 'yan ɗakin wanki ba. Na hau bene na roƙe ta yadi.

"Philomène, yaushe mai wanki ta zama mai haɗa magani?" in ji ta. "Ɗauki. In kika ɓata mini shi, ki koma wanki bakin kogi da sauran tsofaffi."

Na fara da wanke sitacin masaƙa har yadin ya yi laushi. Na tsoma kowane hawa shi kaɗai, ba a ɗinka ba, cikin ruwan alif tsararo, na shanya a inuwa, na sake tsomawa, har sau uku. Bayan kowace shanya nakan murje shi tsakanin tafukana, har fatar hannuna ta tsattsage. Ƙyallen gwaji na farko ya ci wuta a murhu. Na biyu ya sandare. Na uku ya yi baƙi kawai, bai kama ba. Sai na ba yadin ɗan bula domin farin ya dawo, na ƙarasa da sitacin shinkafa kaɗan, sannan na ɗinka.

Ranar Juma'a da rana, a ɗakin gwaji, na shimfiɗa siket biyun a kan benci. Labari ya riga ya bazu, har Musyu Darrigade ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa. Léontine ta shinshina su, ta ɗaga su ga hasken taga. Ta ɗaura na farko ta yi juyi a kan yatsun ƙafa. Ta ɗaura na biyu ta yi tsalle uku, siket ɗin ya tashi tare da ita, ya sauko a bayanta a hankali.

"Wannan ne nawa," ta ce tana haki. "Shi ne marar magani. Yi haƙuri, Mama, kawo tawadar."

"Tuɓe shi tukuna, 'yar nan."

Na kunna kyandir. Wanda ta ƙi na jefa a bokitin ƙarfe na taɓa masa wuta, ya tashi fuu, 'yan mata suka ja da baya da ihu. Wanda ta zaɓa kuwa na rataya a dantsena, na sa kyandir a ƙarƙashinsa, na ƙirga goma da ƙarfi. Bakinsa ya yi tabo kamar ƙwayar gyaɗa. Iyakarsa ke nan.

Musyu Darrigade ya matso ya shafa tabon da yatsa. "Madam Cazenave, wa ya koya wa matar nan?"

"Ni na ba ta yadin," in ji Madam Cazenave, ɗaki ya fashe da dariya.

Léontine ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuwana ta juya su ta dubi tsagar, sannan ta cusa mini takardar a aljihun gaban rigata.

Ranar buɗe wasa na tsaya a bayan labule da jiƙaƙƙen bargo a kafaɗa, kamar yadda na saba. Ta zo har bakin fitilu, kusa fiye da yadda nake so, ta juya, farin yadi ya share saman wutar ya wuce. Sau biyar 'yan kallo suka kira ta da tafi ta dawo gaban labule. Bargon ban ko buɗe shi ba. Kafin bazara, duk siket talatin da biyu na gidan ta hannuna suka bi, hawa-hawa.

Takardar tana nan wurina. A bayanta na fara koyon rubuta sunana, shekaru da yawa daga baya. Wurin sa hannu a gabanta har yau fari ne.