Safa Bakwai da Tafin Hannu

…kuma ba yoyon rufi ba ne, na hau kujera na duba. Ba ni na zuba ba. To daga ina? Tiyon iska ne fa. Jiya da hannuna na shanya shi har ya bushe ƙayau, amma da ka ɗaura takunkumin nan a hanci, ka yi barcin awa guda, sai ga ruwa a ciki. Ƙulul… ƙulul… kamar mai kurkure baki. Sai ya gangaro ya fantsamar maka a fuska, ka zabura, ka fizge, ka yar.

Kana barci, ba ka ji na. Gara haka. Da idonka biyu ai bakina ba zai buɗu ba.

Ƙarfe tara saura. Ana yayyafi tun asuba, ɗakin ya yi sanyi ƙalau. Ka dawo daga aikin dare, ka sauke ma'aikatan kamfani kowa a ƙofarsa, ka cire takalmi ko shayi ba ka shanye ba, ka nuna injin numfashin da haɓa ka ce, "Malama Shiru, in abin nan ya sake yi min wanka yau, a kwalinsa zai kwana. Na gaji da zama giwa."

Giwa. Saboda tiyon da ke reto daga hancinka. Na yi dariya cikin mayafi, amma ba abin dariya ba ne.

Don in ya koma kwali… Likita ya ce numfashinka yana ɗaukewa cikin barci, maƙogwaro ya rufe, shi ya sa ko ka kwana ka wuni a gado ba ka hutawa. Shi ya sa ranar nan ka yi gyangyaɗi a kan sitiyari, da mutum goma sha huɗu a bayanka, motar ta goge katanga. Fitila kawai ta fashe. Fitila kawai — Allah, fitila kawai. Ogan naku ya ce sai ka kawo takardar asibiti cewa kana amfani da injin, ko ka ajiye makulli. Shi kuma injin ba ya ƙarya, yana rubuta komai a cikinsa. Awa huɗu ake so kullum. Jiya awa ɗaya da minti goma ya nuna. Saura kwana tara mu koma asibiti.

Ba makullin ba ne ma. Katangar ce. In wata rana ba katanga ba ce fa?

Ma'aikaciyar asibitin, mai farin gilashi, ta yi bayani, ta yi fa. Ta nuna ɗan tankin da ake zuba wa ruwa, ta ce injin yana ɗumama shi don kada iskar ta busar maka da hanci. Sannan ta faɗi wani abu a kan inda za a ajiye shi, da sauri, tana kallon takarda. "Kin gane ko, amarya?" Shekara biyu da aure, wai amarya. Na ce e. Ban gane ba. Ta yaya zan ce ta maimaita, ga mutane a layi, ga ka kana duba agogo?

Sai na zo gida na yi abin da na sani. Abu mai tsada ai sama ake ɗora shi. Na share kan doguwar durowa, gefen taga, na shimfiɗa masa ƙyalle mai ado, na ɗora shi can, nesa da ruwan goge ɗaki, nesa da ƙafar baƙi. Har Yayarka ta zo ta ce, "Iye, an yi wa inji gadon sarauta, saura turare." Na ji daɗi fa. Na ɗauka yabo ne.

Ashe ni na… tsaya. Tukunyar.

Ɗazu a kicin, ina ɗaga murfin tukunyar ruwan zafi, sai ga ɗigo-ɗigo a jikinsa, suna haɗuwa, suna gangarowa kan yatsana. Sau dubu nawa na ga wannan? Tun ina tsayawa kan turmi kafin in kai murhu. Amma yau na tsaya da murfin a hannu kamar an dasa ni. Wa ya zuba wa murfi ruwa? Babu. Tururi ne ya taso da ɗuminsa, ya ci karo da sanyi, ya koma ruwa. Wato ruwan yana cikin iskar tun farko, a ɓoye, ido ba ya ganinsa. Sanyi ne ke tona masa asiri.

Ikon Allah. Ruwa a cikin iska. Ina shaƙa yanzu haka?

Malamin kimiyya ya taɓa zana wani abu haka a allo, da kibiyoyi, aji biyu, shekarar da na daina zuwa — gajimare, rana, kogi. Na kwafa tsaf ban san me na kwafa ba. Ashe abin zai biyo ni har ɗakin aure.

Na dawo na tsaya a ƙofa ina kallo. Iska mai ɗumi tana fitowa daga inji, tiyon ya bi ta gaban taga, tagar da kake so a buɗe, sanyin yayyafi yana dukansa. Haske ya ratsa robar, na gan su, ɗigo-ɗigon ruwa. Ƙanana-ƙanana, jere a kowane lanƙwasa, suna ƙyalli kamar duwatsun sarƙa, suna rawa duk sanda ka ja numfashi. Ana ruwa a waje, ana ruwa a cikin tiyo. Ƙaramin hadari, a ɗakinmu, tsakanin durowa da hancinka. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Abin da ke neman raba ka da aikinka, kuma ga shi da kyau haka?

Kuma ruwa ba ya hawa sama. Ko yaro ya sani. Inji a bisa, kai a ƙasa — ina zai nufa in ba fuskarka ba? Sati uku ina girmama inji, yana yi maka wanka.

Na sauko da shi. A hankali, a hankali, kada tankin ya tuntsure, ƙyallen adon ya zame ban ko kalle shi ba. Yana kan 'yar kujerar wanki yanzu, ƙasa da katifa. In ruwa ya taru, ya koma inda ya fito. Na ja tagar, na bar mata ɗan yatsa biyu don kada ka farka ka ce an toshe ka. Maɓallan dai ban taɓa ba. Wannan sai na tambaya. Zan tambaya. Ko ana layi har titi.

Sannan safa. Tsofaffin safarka masu huda a dunduniya, da kake cewa in zubar ina ɓoyewa. Na yanke bakin yatsun, na zare tiyon daga bayan injin — ka yi wani gurnani, na ƙame, na ce shi ke nan — na zazzage ruwan a tsumma, na zura masa su ɗaya bayan ɗaya, na mayar. Baƙa, baƙa, ruwan toka, mai ratsi, baƙa… bakwai. In mutum yana jin sanyi a ba shi riga. To shi ma.

Ba su kai ba. Saura kamar taƙi ɗaya, nan kusa da kafaɗarka, tsirara.

Shi ne na riƙe. Ina zaune a bakin gado, tafin hannuna a naɗe da shi, na ja gefen bargo na rufe mu.

Yana motsi. Ban san yana motsi ba. Iskar tana wucewa ƙarƙashin yatsuna da ɗan ɗumi, ta ƙaru in ka ja, ta lafa in ka saki. Ja… saki. Ja… saki. Numfashinka ne fa a hannuna. Ni da ko idonka ban iya kallo sosai, ga ni riƙe da…

Ɗaya, biyu, uku — a'a. Ba abin ƙirgawa.

Ba ka sani ba ko? Ba wanda ya sani. Tun satin farko na aurenmu na lura. Munshari, munshari, sai ɗif. Shiru. Ƙirjinka yana kokawa, ba abin da ke shiga. In tsaya da tsintsiya a hannu ina ƙirgawa. In na kai ashirin sai in saki cokali a ƙasa. Ko murfi. Ko in buga ƙofa da gwiwar hannu. Sai ka ja wata iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ka juya. Inna, mahaifiyarka, ta ce, "Yarinyar nan bakinta shiru, hannunta kuwa kasuwa. Miji na barci ba za a bar shi ya huta ba?" Kai ma ka ce za ka saya min cokulan roba. Na sunkuyar da kai. Me zan ce? In ce ɗanki yana mutuwa kaɗan-kaɗan kowace safiya, ni nake kiransa da cokali?

Shekara biyu. Ban taɓa zuwa kasuwa da safe ba.

Yanzu safa ta rufe, ba na ganin ciki. Ko suna taruwa, ko ba sa taruwa… sai dai kunne. Goma da kwata. Ya wuce na jiya. Fuskarka ta saki, goshin nan da kullum yake a tamke ya kwanta, kamar na hoton makarantarka. Haka kake ashe in ka huta? Ban taɓa ganin wannan mutumin ba.

Wanki yana kan igiya yana shan ruwa. Ya sha. Hannuna ya fara sagewa tun daga kafaɗa. Saura awa biyu da wani abu. In na saki, sanyi zai samu wurin? Taƙi ɗaya kawai… zai isa ya tara?

Ashe aikin nan da injin yake yi, nawa ne. Ya karɓa. To ni in ba na ƙirgawa, me zan yi da safiya? Mutane me suke yi?

Idona yana… a'a. Ja… saki. Ɗumin nan yana hawa hannuna. Rabona da in rufe ido kana barci —

Ɗis.

Taga ce? Ko cikin tiyo ne?

Ja… saki…

Bari in ji na biyu tukuna.