Haƙorin Ɗelu

Tun tana yarinya Ɗelu ta yi wani zazzaɓi da ya kumbura mata gwiwoyi. Da ya tafi sai ya bar mata zuciya mai rauni. A haka ta girma, ta yi aure, ta haihu. In ta ɗebo ruwa daga tabkin Madarumfa sai ta tsaya a hanya ta maida numfashi, kowa ya saba ganinta haka. Mijinta Inusa masunci ne, amma a shekarun farin nan ruwa ya ja baya, kifi ya yi wuya, sai ya koma ban ruwan albasa a bakin tabki.

A lokacin ne haƙorinta na can ciki ya ruɓe. Ta sa kanumfari, ta kurkure da ruwan kanwa, kumatu sai ƙara hawa yake. Ɗan Azumi wanzami ya ce zai fizge mata shi, amma majo, babban ma'aikacin ɗakin magani na garin, ya hana. Ya ce mai irin zuciyarta sai Maraɗi.

Suka hau bayan kamiyon wani ɗan kasuwa, babbar motar kaya, suka wuni a layin asibiti. Da aka zo kansu likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, sannan ya ce wa Inusa, "In aka cire haƙori, ƙwayoyin cutar da ke baki suna shiga jini. Ga mai lafiya ba komi. Ga irin zuciyarta, can za su je su zauna. Za mu fara sa mata penisilin ta jijiya ya tare su." Ya juya gare ta. "An taɓa yi miki shi?"

"Allurai kam na sha," in ji Ɗelu. "Ba a faɗa mini sunansu."

Aka kwantar da ita, aka rataya kwalba, ruwa ya fara ɗiga. Ba a jima ba ta fara susar tafin hannunta. Borin jini ya feso mata a wuya, leɓɓanta suka kumbura.

"Malam," ta ce da wata murya da Inusa bai sani ba, "ana shaƙe ni."

Ya ƙwala kira. Ma'aikata suka rugo, suka zare allurar, suka ɗaga ƙafafunta, aka soka mata wata a cinya. Aka ture shi waje. Ya tsugunna a jikin bango, addu'ar ma ta ƙi haɗuwa a bakinsa.

Ta farfaɗo. Likita ya ce jikinta ba ya karɓar penisilin, duk inda za a yi mata allura ta faɗa, har ƙarshen rayuwarta. Akwai wani magani, amma ya ƙare, sai an kawo daga Yamai.

"To haƙorin fa?" in ji Inusa.

"Ba za mu taɓa shi ba tukuna."

Suka koma gida da haƙorin, da hannu kumburarre, da gajiyar da ta fi wadda suka tafi da ita. Albasar ta sha rana, rabi ya kwanta. Ɗelu ta koma shan kunu, tana tuƙa wa yara tuwo da ƙyalle ɗaure a haɓa.

Bayan makonni majo ya aiko cewa magani ya iso. Inusa ya ce ba inda za su.

"Na ga idonki ya juye, Ɗelu. A kira Ɗan Azumi kawai."

"Ka ji abin da likita ya ce game da zuciyar."

"Na ji. Na kuma ga abin da maganinsa ya yi."

Ta riƙe kunci. Can ta ce, "Ni ma ina tsoro, Malam. Amma na gaji. Barci nake so in yi."

Washegari suka koma. Tun daga ƙofa ta riƙa gaya wa duk mai farar riga sunan maganin da ya kusa kashe ta. Wannan karon ƙwayoyi aka ba ta. Suka tayar mata da zuciya, ta yi ta yunƙurin amai, amma numfashi bai tsaya ba. Aka cire haƙorin, baƙi ƙirin, saiwarsa a karkace.

Suka iso gida. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, auduga a baki, ta kwanta. Maƙwabta suka fara zuwa barka. Inusa ya zauna a ƙofar gida yana amsawa a hankali, yana cewa su dawo gobe.